Wai wace iskar ake nufi? Ta shaƙa, ta taya, ta bori ko ta 'yan iska

Mai faci a Bauchi Road zai ce maka tayarka ba iska, nas a asibiti ta ce a sa wa mara lafiya iska, malam a wajen karatu ya ce fitar iska na warware alwala, kaka ta ce kar a fita da jariri da magariba saboda iska, ga kuma wani uba can yana yi wa ɗansa faɗa wai ya daina bin 'yan iska, duk a unguwa ɗaya a yini ɗaya, kuma har yau ban ji wanda ya rikice ya kai tayarsa wajen mai ruƙiyya ba. Bahaushe ya san wacce ake nufi ba sai an yi masa bayani ba. Mu nan Jos ma ko jinsinta ba mu damu da shi ba, Bakano ya ce iskar nan, yaron Angwan Rogo ya ce iskan nan, kowa ya gane.

Abin da na lura shi ne duk abin da ido ba ya gani amma ana ganin aikinsa, to Bahaushe cikin buhun iska yake jefa shi. Daga nan kalmar ta rabu gida biyu da ba sa ga maciji da juna, gida ɗaya na abu mai ƙarfi da ake tsoro ko ake buƙata, ɗaya gidan kuma na abin banza da bai da nauyi bai da mazauni. Yawanci wannan bai cutar da kowa, daɗin harshe ne ma, amma akwai wuri ɗaya da cakuɗuwar take cin rai, zan zo wurin.

Ta farko dai ita ce wacce muke shaƙa yanzu haka. Mutane da yawa na zaton duk oksijin ce, alhali wajen kashi 78 cikin 100 naitirojin ce wacce ke shiga huhu ta fito ba ta tsinana komai ba, oksijin ɗin da rai ya dogara da ita kashi 21 ce kawai, sauran ɗan abin da ya rage akwai agon da kabon dayoksaid wanda wajen kashi 0.04 ne kawai amma shi ne duk duniya ke ta taro a kansa saboda ɗumamar yanayi. Baligi na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya bai ma sani ba, kuma ƙwaƙwalwa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba oksijin ta fara lalacewa kenan. Lokacin korona a 2020 ne da yawanmu muka fara sanin ashe iska ma ana ɗura ta a tukunya a sayar da tsada, da ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa yana nuna lamba, mai lafiya 95 zuwa sama, in ta fara gangarowa ƙasa da 90 sai ka ga hankalin likita ya tashi.

Kuma tana da nauyi fa, duk da muna cewa abu ya yi sakayau kamar ba komai. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin buhun siminti, ba ma jinta ne don a cikinta aka haife mu, ta danne mu ta ko'ina daidai wa daida. Inda za ka gane tana danna ka shi ne hanyar Abuja, in mota ta fara gangara Hawan Kibo sai ka ji kunnenka ya toshe sai ka haɗiyi yawu ya buɗe, to nauyin iskar waje ne ya canza kafin ta cikin kunne ta daidaita. Jos tana kan tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga teku, dutsen Shere ya haura 1,800, don haka iskar da ke kanmu ta fi ta Legas sauƙi da wajen kashi 13 cikin 100. Shi ya sa ruwa ke tafasa a nan wajen digiri 96 maimakon 100, matar da ta taso daga Legas ta ga wakenta ya ƙi nuna da wuri ta ɗora wa mai wake laifi, alhali bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Sanyin ma daga nan yake, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, abin da ya sa dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu, abin kuma da ya sa Turawan kuza suka liƙe wa garin nan ke nan.

Sai iska mai kaɗawa, wacce ita ma dai waccan da muke shaƙa ce ta tashi tafiya, daga inda ta taru da yawa zuwa inda ta yi ƙaranci. Mu shekararmu gaba ɗaya iskoki biyu ne ke juya ta. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ta arewa maso gabas ce ke mulki, busasshiya, ta ratso Sahara, ita ce hunturu, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, man kaɗanya da basilin su yi kasuwa, a Jos da daddare zafi ya sauka wajen digiri 10 wani sa'in ƙasa da haka, masu shayi a Terminus su sha ciniki tun asuba. Hazon nan da ke hana jirgi sauka a filin jirgin Jos da ke Heipang ko Abuja ko Kano, mafi yawansa daga wani kwari yake a arewacin Chadi da ake kira Bodele, wurin da can can tafki ne babba ya ƙafe ya bar farin gari mai laushi, iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi, wani ya sauka a kan gilashin motarka a Rayfield wani kuma ya tsallake teku har dajin Amazon. Daga Afrilu kuma ta kudu maso yamma ta taso daga tekun Atlantika da danshi ta turo waccan arewa, damina kenan. Inda suka haɗu nan ake kokawa, shi ya sa ruwan farko da na ƙarshe suka fi zuwa da hauka, hadari ya haɗo daga gabas, kwano ya tashi, turken wuta ya faɗi, wani lokaci har da ƙanƙara, manomin tumatir da kabeji ya wayi gari yana salati.

Addini ma bai bar wannan iskar a baya ba, da ita aka hallaka Adawa dare 7 da yini 8 kamar yadda ya zo a Suratul Haƙƙa, ita aka hore wa Annabi Sulaimanu tafiyar wata da safe tafiyar wata da yamma, kuma akwai hadisin da ya hana zagin iska don umartarta aka yi. Mu kuwa da sanyi ya matsa sai ka ji mutum na cewa wannan wane irin ɗan iskan sanyi ne, Allah dai ya yafe mana.

To ga mu a gida na biyu, gidan banza. Tunda iska ba ta kamuwa a hannu ba ta zama wuri ɗaya, duk abin da ba shi da tushe sai aka jingina mata. Maganar iska, alkawarin iska, kuɗi sun bi iska, magana ta bi iska, harbin iska, naushin iska. Karin maganar nan ta iska na wahalar da mai kayan kara tana nan tsakiya, ana faɗa wa wanda ke ta wahala a kan abin da ba zai kai shi ko'ina ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai ɗauke da damin kara a kai ranar da ake iska ya san ba ƙari a ciki, ka nufi gabas kayan su nufi kudu da kai. Shan iska shi ne mai daɗin cikinsu, ka fita yamma ba aike ba ciniki, ka zaga, ka dawo, wanda ya suma a ce a ja baya a ba shi iska, wanda ya fito daga hannun masu garkuwa 'yan jarida su ce ya shaƙi iskar 'yanci. 'Yan siyasa kuwa ba sa tsayawa a iska, guguwa suke so, a 2015 guguwar canji aka kira ta, ta ɗauki wanda ko a mazaɓarsa ba a san shi ba ta dire shi a majalisa, kuma kowa ya san halin guguwa, leda da takarda ta fi ɗagawa sama.

Ɗan iska kuma sai an zauna. A ganina asalinsa mutumin da ba shi da madauri ne, ba sana'a ba mafaɗi, inda ta kaɗa nan ya nufa, kamar ba uwa da uba suka haife shi ba iska ce ta haife shi, shi ya sa zagin yake da zafi a kunnen dattijo, don ba yaron kaɗai aka zaga ba an taɓa gidansu. Amma kalmar ta yi faɗi har ta zama roba. Iskanci na iya zama tsokana tsakanin abokai, na iya zama rainin hankali irin na wanda ya karɓi kuɗin ɗinki tun azumi har sallah ta wuce, na iya zama shaye-shaye da sara-suka, na iya zama neman mata, kuma in aka ce 'yar iska to nauyin ya ninka na ɗan iska, namiji a ce ƙuruciya ce zai daina, mace kuwa tambarin ya bi ta har gidan miji, wannan rashin adalci ne na fili kuma harshenmu ne ke ɗauke da shi. Aboki zai ce maka kai ɗan iska ne wallahi yana dariya har da tafawa, yabo ne ma, ka ba shi dariya kenan. Ka gwada faɗa wa direban da ya goge maka mota a Farin Gada wannan kalmar da wannan lafazin ka ga yadda za ta kaya. Murya da fuska da wanda ya faɗa su ke yanke hukunci ba kalmar ba.

Da zamani ya zo da abubuwan da ba a gani sai aka ci gaba da zuba su a buhun. Wayar iska aka kira na'urar aika saƙo ba igiya, alhali saƙon rediyo da na salula ba ruwansa da iska, ko inda babu ita sam yana tafiya, da gudun haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, da haka ake magana da tauraron ɗan adam. Sauti ne ke buƙatar iska, kuma shi a hankali yake tafiya, wajen mita 340 a daƙiƙa, shi ya sa kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa, in ka ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu to kilomita ɗaya ce tsakaninka da inda ta faɗi. Sai iskar gas, ita ma ba ɗaya ba ce. Ta girki da ake ɗurawa a silinda ta fi iskar ɗaki nauyi, in ta zubo ƙasa take kwanciya ta taru a lungun kicin tana jiran ashana, kuma warin nan da kake ji ba nata ba ne, da gangan ake zuba mata shi don hanci ya kama. Ta mota kuwa, CNG da aka fara turawa bayan cire tallafin mai a 2023, ta fi iska sauƙi sama take yi, amma matse ta ake yi da ƙarfi ninkin ba ninkin na ta girki, don haka tukunyar da mai walda ya haɗa a bakin titi ba ta ɗauka, duk wanda ya ce zai yi maka araha a nan kabari yake haƙa maka.

Yanzu iskoki. Tun kafin jihadin 1804, kai tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, Maguzawa na da iskokinsu, masu zama a tsamiya da kuka da suri da tsohuwar rijiya da gindin dutse, an raba su farare da baƙaƙe, na gida da na daji. 'Yan bori suka tsara su tsaf kamar masarauta, birninsu Jangare, ga Sarkin Aljan, ga Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da kyauta, ga Malam Alhaji mai tari da carbi, ga Kuturu, ga Sarkin Rafi, ga Barhaza, ga Inna wacce ake kira Doguwa, kowanne da kiɗansa na garaya ko goge da kirarinsa da kalar tufarsa, wanda suke hawa a kira shi doki, mace goɗiya, sai an yi masa girka kafin ya iya zama da su. Da Musulunci ya zo da kalmar aljan sai aka haɗa su wuri ɗaya, kuma haɗin bai yi wuya ba, Suratul Hijri ta ce daga wutar iskar zafi aka halicci aljan. Har yau in guguwa ta taso a fili tana juyi da yayi za ka ji tsohuwa na cewa yara su kauce masu abu ne ke wucewa. Sunan ma sakayawa ne, ba a son kiran su kai tsaye, sai a ce iska, ko mutanen ɓoye, ko a ce wance tana da mutane a kanta.

Ni ba musun samuwar aljanu na zo yi ba, Musulmi bai isa ba, sura guda ce da sunansu. Inda nake da magana shi ne yadda kalmar nan ta zama marufin da ake rufe bincike da shi. Da zarar an ce iska ce, shikenan an gama, ba mai sake tambaya.

Duba shan inna, sunan kansa ya riga ya yanke hukunci, wai Inna ce ta shanye wa yaro ƙafa. Alhali ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida ta shiga ruwa da abinci ta kama yara musamman 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ɗigon rigakafi a baki na tare ta. An yi rikicin dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙetare, sai da sarakuna da malamai suka shigo ciki sosai, aka ga na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Ba a yi sulhu da Inna ba, ba a yanka mata komai ba, ɗigo ne ya yi aikin.

Haka dattijo zai tashi da asuba zai yi alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya saki, nan take a ce iska ta buge shi ko aljani ya mare shi a banɗaki. Ɗansa ya ce Baba mu tafi asibiti, goggo ta ce kai yaro wannan ba na asibiti ba ne, allura ma ƙara tunzura su take yi, a kira malam tukuna, a yi hayaƙi, a shafa, a kwana biyu ana abu ɗaya. Mafi yawan lokaci wannan shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini da ba a sani ba ko aka daina shan maganinsa shi ne kan gaba wajen jawo ta. Maganin narkar da gudan jinin awa 4 da rabi na farko kawai yake da shi, ko inda ba a da shi ma saurin zuwa na rage ɓarna. Ba wanda ya hana addu'a, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Farfaɗiya ma haka, wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa, ba a ɗauka ta yawu, ba a cusa cokali a baki, a kwantar da mutum ta gefe a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti, kuma mafi yawan masu ita in suna shan magani a kai a kai lafiya lau suke zama, amma nawa aka cire daga makaranta, nawa aka fasa aurensu, wai suna da iska.

Abin dariya abin takaici, akwai cutar da da gaske iska ke da hannu a ciki, sanƙarau. Busasshiyar iska mai ƙura na raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki ba taga, ƙwayar ta samu ƙofa, shi ya sa take tashi daga hunturu zuwa bazara ta lafa da saukar ruwa, a wani zirin ƙasashe daga Senegal har Habasha. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000. Tarin fuka da ƙyanda su ma ta numfashi suke bi. Ka ga a nan in tsohuwa ta ce iska ce ba ta yi ƙarya ba, illa dai maganin buɗe taga ne da rigakafi.

Wacce ta fi ba ni tsoro a garin nan ita ce ta lokacin sanyi. Disamba ta yi, a rufe ƙofa a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi, musamman ɗakin mai jego, ko a ja janareto cikin korido ko shago saboda ɓarayi a kwanta. Gawayi ko fetur in yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari ba ta sa tari, kuma jini ya fi son ta a kan oksijin sama da sau 200, sai ta hau kujerar oksijin ta zauna. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mutum ya ce bari in ɗan kwanta, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Da safe a ɓalle ƙofa a tarar da gida guda kwance ba rauni ba jini, sai ka ji ana ƙus-ƙus, wasu su ce guba aka sa a tuwo a fara zargin kishiya ko maƙwabciya, wasu su ce ai gidan dama yana da iska tun da aka sare bishiyar nan. Kaskon kuwa yana nan a tsakar ɗaki ya zama toka ba wanda ya kalle shi.

Alamar da ake ganewa ita ce mutum biyu uku a ɗaki ɗaya su kama ciwon kai lokaci guda, in sun fita waje su ji sauƙi, in sun dawo ya dawo, wani sa'in har kyanwa ko kajin da ke ɗakin su ma su yi laushi. In aka ga haka a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje tukuna kafin a tsaya tambaya, a kashe injin, a kai su asibiti a gaya wa likita akwai gawayi ko janareto a wurin don oksijin za a sa musu, ba madara ba ba manja ba. Janareto a waje yake kwana nesa da taga ko da za a yi masa keji da kwaɗo, kasko kuma a ɗumama ɗaki da shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo.